Innar Maska da Akwatunan Kwalta

Ɗana na fari ba ni na raine shi ba. Ranar da aka yaye shi, yayata ta zo daga Danja ta goya shi ta tafi da shi, kamar yadda ake yi a danginmu. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, ni kuwa a lokacin yarinya ce, ga kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Har yau ban taɓa furta sunansa ba. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, malamarmu ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta a allo. Na rubuta huɗu, na bar layin farko babu komai. Ta duba, ta yi murmushi, ta wuce.

Ya tashi yana kiran yayata Inna. Ni kuma Innar Maska. Ita Inna ce kawai, ba a ƙara mata komai, ni sai an haɗa da sunan gari kafin a san wadda ake nufi. Ban taɓa gaya wa kowa abin yana min ciwo ba, don wa zan gaya wa? Mijina, Malam, zai ce ai haka aka saba.

Yana gab da shekara talatin aikin hanya ya kawo shi Maska. Kamfanin da yake yi wa aiki ya karɓi gyaran hanyar da ta taho daga Funtua, suka kama wani fili a bayan gari suka mai da shi yadin ajiye kayan aiki. Tireloli suka sauke wasu manyan akwatunan ƙarfe guda uku, kamar kwantenar da ake yin shago da ita, aka jera su aka haɗa su da bututu. A cikinsu ake ajiye kwalta. Aikin ɗana shi ne wuta. Kwalta idan ta huce sai ta daskare kamar dutse, ba ta bin bututu, don haka dole a samu mai kula da zafinta, kada wutar ta mutu, kada kuma ta yi yawa ta ƙone ta. Shi ne babba a wannan aikin.

Da yake yadin bai da nisa da gidanmu, Malam ya ce ba zai yiwu ɗansa ya riƙa kwana a rumfar kwano ba. Aka share masa ɗakin zaure. Haka na wayi gari ina zuba tuwo a kwano biyu na maza, bayan shekara da shekaru ina zuba ɗaya.

Ban san abin da yake so ba, kuma ba zan iya tambaya ba. Sai na koma karatun kwano. Idan ya dawo a suɗe, na san na dace. Idan ya rage gefe, sai in zauna ina tunani, gishiri ne ko yaji ne ko daddawa. A haka na gano ba ya son kuɓewa ɗanya sai busasshiya, kuma yana son ƙanzon tukunya kamar ƙaramin yaro. Kayan aikinsa ni ke wankewa. Kwalta ba ta jin sabulu, sai an jiƙa wurin da kananzir an murza, a shanya a rana warin ya fita. Ƙannensa mata idan sun zo ganin gida sukan ce in bar musu, in ce a'a, hannunku bai iya ba. Gaisuwarmu ba ta wuce "Ina kwana, Innar Maska" da "Lafiya lau, an tashi lafiya?" Ina amsawa ina kallon murhu. Amma ina jin takunsa tun daga bakin zaure, kuma ina bambance shi da na kowa.

Rani guda muka yi a haka, damina ta shigo aiki ya ja baya, kaka ta yi aka dawo gadan-gadan.

A cikin kakar nan Yaya ta zo. Ta sauka daga kan mashin da kwandon tumatir da ƙullin mazarƙwaila, tun daga ƙofa take kwaɗa kiran sunansa, gaba ɗayansa, da ƙarfi, har maƙwabta na ji. Ya fito da sauri ya durƙusa. Ta kama kansa ta juya shi dama da hagu kamar mai duba rago.

"Kai, sun ramar min da kai! Me ake ba ka a gidan nan?"

Ya yi dariya. "Inna, wallahi ina ci."

"Kana ci ina? Dubi wuya kamar na zalɓe. Miƙo hannun nan. Wannan ƙunar fa? Ba na ce ka riƙa sa safar hannu ba? Kai dai ba ka ji."

Ina tsaye da buta a hannu. Ƙunar nan na gan ta tun ranar da ta same shi, kwana tara kenan. Na daka ganye, na zuba a ɗan gwangwani, na ba Malam na ce ya ajiye masa a taga. Ita kuwa ga shi ta kama hannun tana hura masa iska, yana cewa "Inna, ai ya warke," yana barin hannun a nata.

Da ta shigo ciki ta buɗe tukunyata ta ɗanɗana. "Daddawarki ta yi yawa, ba ya son haka."

Na ce, "To, Yaya."

"Kuma da safe koko yake sha, ba ɗumame ba. Tun yana ƙarami."

Na ce, "To, Yaya." A raina ina cewa ɗumamen nan kullum a suɗe kwanon ke dawowa. Sai kuma wani tunani ya zo min, ko kara yake yi min? Ranar ban ci abincin rana ba.

Ba na ƙin Yaya. Ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ita ta sayar da akuyoyinta ta kai shi makarantar koyon sana'a. Abin da nake ƙyashi bakinta ne. Duk abin da ya zo mata sai ta faɗa masa, ta zage shi, ta yabe shi, ta aike shi. Ni da na ɗauki cikinsa sai na bi ta kan Malam ko ta kan kwano.

Da za ta tafi, tana gyara mayafi a zaure, sai na ji ta ce masa, "To yaushe akwatunan nan naku za su taho wajenmu? An ce hanyarmu ce a gaba. Tunda abin ɗauka ne, ka ce su ɗauko su mana. Ɗakinka yana nan na sa an yi masa sabon daɓe."

Ya ce, "Sai yadda aka yanke, Inna."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Ashe akwatunan ɗaukarsu ake yi. Na san a kan tirela suka zo, amma ban taɓa kawowa a raina cewa a kan tirela za su koma ba. Tun daga ranar, idan na je ɗebo ruwa na hango su, sai in ji haushinsu kamar mutane.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, shi da Malam suka zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida. Ni ina gefe ina ɓarzar masara a tabarma, na ba su baya. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa yana yi wa babansa bayani. Ya ce kamfani ya samu aikin shekaru a wannan yanki, kuma injiniya yana so a tsai da magana, a ci gaba da akwatuna a ƙaro wasu, ko a gina babban tanki guda na girke.

Malam ya ce, "Meye bambancin? Ba duk kwalta za a zuba ba?"

Ya ce, "Baba, akwatin nan wuri mai laushi kawai yake so a daddale, kwana biyu an haɗa an kunna wuta. In aiki ya ƙaru a ƙaro ɗaya, in ya ragu a ɗauke ɗaya. Kuma yana bin aiki, kwaltar ba ta yin doguwar tafiya balle ta huce a hanya. Amma cikinsa kaɗan ne. In tankar da ke kawo mana ta yi latti, sai mu zauna muna kallon juna. Ga mahaɗar bututu da yawa, yau nan na yoyo gobe can. Kuma kowane da wutarsa, ni ke zagaye."

"Shi na girken fa?"

"Shi kam sai an haƙa ƙasa an zuba kankare, wata da watanni ana gini. Amma in ya tsaya ya tsaya. Yana cin tanka da yawa, yana riƙe zafi, wuta ɗaya ta isa. Illarsa, inda aka kafa shi nan zai mutu. Ko aiki ya yi nisa sai dai mota ta zo ta ɗiba."

Malam ya ce, "To kai ina ruwanka? Ba manya ke yankewa ba?"

"Su ke yankewa. Amma injiniya ya ce kowane shugaban sashe ya kawo nasa ranar Litinin. Ya ce ni da nake kwana da wutar, nawa zai fara ji."

Hannuna ya tsaya a kan masara. Inda aka kafa shi nan zai mutu. Na ga tankin a idona, a filin nan na bayan gari, dogo, da gindinsa a cikin ƙasar Maska, ba tirelar da za ta iya ɗaga shi. Na ga kwano biyu har ƙarshen raina.

Ba zan iya juyowa in ce masa zauna ba. Sai na yi gyaran murya na ce, "Malam."

"Na'am."

"Buhunan dawar nan na bara, ka ga yadda ɓera ya yi da su?"

Malam ya ce, "Wane buhu? Ai tun kafin azumi muka kai su Funtua."

"Kafin a kai su nake nufi. Yau a jingine su a zaure, gobe a mai da su ɗaki, jibi a fito da su shan iska. Duk ɗagawa sai an yi asarar tiya. Wadda muka zuba a rumbu kuwa, ko ƙwaya ba ta yi ciwon kai ba."

"Ke yau kuma me ya haɗa ki da buhu? Muna maganar kamfani."

Na ci gaba da ɓarza, muryata ƙasa-ƙasa. "Ni dai abin da na gani na faɗa. Abin da ake yawo da shi ba ya auki. Ko mutum ne, gara a ce ga inda yake, a san ƙofar da za a yi masa sallama. Shekara talatin ba wasa ba ce, a ce mutum yana bin tirela gari gari."

Ina jin Malam ya gyara zama. Can na ji ɗana ya sa tafin hannu yana share zanen da ya yi a ƙasa.

Ya ce, "Na ji, Innar Maska."

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Na kwashi tabarmar masara na shige ɗaki. Amma a cikin ɗakin, Allah ya yafe min, murna nake yi. Na ce a raina, Yaya, sai ki ba wani ɗakin naki mai sabon daɓe.

Sati uku ba a ce komai ba. Ni kuma ban tambaya ba. Tambaya ɗaya ce tak ya kamata in yi tun a ranar Juma'ar, kalma biyu, a ina? Ko ta bakin Malam ne. Ban yi ba, don a ganina amsar a fili take.

Wata ranar Laraba da la'asar ya shigo da fara'a, ya durƙusa gaban babansa ya ce an yanke, na girke za a gina. Ina bakin murhu ina tuƙa tuwo. Na ji muciyar ta yi min sauƙi a hannu.

Malam ya ce, "Madalla. A filin nan na bayan gari?"

"A'a, Baba. A Danja. Filin nan ai aro aka yi, kuma ƙasar fadama ce, da damina tanka ba ta iya shiga. Can ne kamfani ya sayi fili tun bara, kuma yawancin aikin ta can yake, har zuwa wajen Malumfashi. Dama in na girke ne, can ne."

Ban saki muciyar ba. Na ci gaba da tuƙi har tuwon ya yi, na kwashe, na malmala, na rufe. Sai da na zo zuba miya na ga ban sa gishiri ba.

Washegari bayan ɗana ya fita, Malam ya same ni ina shara. Ya daɗe a tsaye kafin ya ce, "Na tambaye shi jiya."

Ban ɗago ba.

"Da an zaɓi akwatuna, biyu za a bari a nan, saboda hanyoyin ƙauyukan nan da ba a taɓa ba. Rani biyu, ko uku. Shi za a bar wa su. Sababbin ne za a kai Danja, da wani mai wutar. Ya ce shi akwatunan ya so ya ce. Da ya ji maganarki sai ya canza. Ya ɗauka kin san inda za a kafa. Ya ɗauka so kike ya koma ya zauna wuri ɗaya ya yi aure."

Na ce, "Ai ba maganarsa kaɗai aka bi ba."

"Haka ne. Wataƙila ko me ya ce, abin da za su yi kenan."

Na riƙe wannan wataƙilar, har yau ina riƙe da ita. Wani lokaci tana isata, wani lokaci ba ta isa.

Malam ya ce ko ya yi masa bayani? Na ce ya bari. Me za a ce masa? A ce uwarka ta yi maka zancen rumbu don tana kishin yayarta?

Ginin ya ɗauki watanni, don haka na samu sauran ranin. Na daina sa daddawa da yawa. Na riƙa dama koko da safe ina haɗawa da ɗumamen, ya zaɓa da kansa, kuma duka biyun yake cinyewa, ban gane komai ba. Ranar da aka zo ɗaukar akwatunan ban fita ba, amma daga tsakar gida ana hango wuyan motar da ke ɗaga su. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi sama suna lilo. Kafin azahar filin ya koma fili, sai baƙin tabo uku a ƙasa. Ɗana ya shigo ya yi sallama, jakarsa a kafaɗa. Na ce, "Allah ya tsare, a gai da mutanen gida." Ya ɗan tsaya kamar akwai saura. Babu saura da zan iya faɗa.

Bayan ƙaramar salla na je Danja, suna aka yi a dangi. Tun kafin a shiga gari na hango shi daga cikin mota, wani ƙaton abu mai sheƙi kamar an kifa tukunya, da tsani a jikinsa yana zagayawa har sama. Wata mata a kusa da ni ta ce, "Kin ga tankin kwaltarmu." Tankinsu. Na ce, "Na gani."

Daga ƙofar gidan Yaya ana ganinsa sosai. Ta ce min in ɗana ya hau sama duba zafi, har hannu yake ɗago mata. Ta nuna min ɗakinsa, ta nuna min kwanonsa, ta ce akwai wata yarinya 'yar maƙwabta da take yi masa sha'awa. Ina ta cewa madalla. Kayan aikinsa na gani a kan igiya, tabon kwalta duk bai fita ba, da sabulu kawai aka wanke. Na kau da kai.

Da yamma mutane sun ragu, muna zaune mu biyu muna tsinke zogale, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, ashe muguwa ce."

Na ce, "Me na yi, Yaya?"

"Shekara nawa ina fama da yaron nan? Na ce kada ya yi aikin wuta, ya yi. Na ce ya sa safar hannu, ya ƙi. Na ce ya yi aure tun yaushe, yana min dariya. Duk abin da na faɗa sai ya ce to Inna, ya je ya yi abin da ya ga dama." Ta jefa ganye a faranti da ƙarfi. "Ke kuwa sau ɗaya kika yi magana, ba ma da shi kike ba, da bayanki ma kika juya masa, ya je gaban injiniya ya ajiye ra'ayinsa ya ɗauki naki. Ya zo nan yana gaya min, wai mahaifiyata ta ce. Mahaifiyata! A cikin gidana, yana cin tuwona."

Na ce, "Haka ya ce?"

"Au, so kike in maimaita miki? Ba zan maimaita ba."

Muka ci gaba da tsinka. Idonta ya yi ja, ta ce hayaƙin maƙwabta ne. Ni ma na ce hayaƙin ya dame ni.

Can ta ce, "Ki kwana mana. Sai bayan magariba yake tashi daga aiki."

Na ce Malam na jirana, kuma motar Funtua ba ta jira. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Ba zan iya zama in ga ya shigo ya ce Inna, mu biyu mu ɗago kai, ita ta amsa ba.

Ta rako ni bakin titi tana ta faɗa, wai na cika taurin kai a cikin sanyin murya. Da motar ta zo daidai tankin, akwai mutum a kan tsanin, can sama, ya ba hanya baya. Ban tabbata shi ne ba. Matar da ke gefen taga ta ga ina leƙe, ta ce ko mu yi canjin wuri? Na ce mata eh, in ba damuwa.